Layi Mai Gurbi 133: Yadda Manyan Kwamfutoci Suka Koyi Rubutu a Kan Takarda

Duk wanda ya taɓa leƙa kundin rahoto a kan babbar kwamfutar IBM, irin wadda manyan bankuna da kamfanonin inshora ke dogaro da ita har yau, zai iske tsawon kowane layi gurbi 133 ne. Idan aka buga rahoton a takarda kuwa, gurbi 132 kawai ke bayyana. Gurbi ɗaya, na farkon layi, yana ɓacewa tsakanin kwamfuta da takarda. A cikinsa ake saka umarnin da ke gaya wa na'urar bugu inda za ta aza layin. Wannan ɗan gurbi ya girmi yawancin ma'aikatan da ke amfani da shi a yau, kuma tarihinsa shi ne tarihin yadda aka riƙa mayar da lambobin da na'ura ta ajiye su zama takardar albashi ko bayanin asusun da mutum zai iya karantawa.

Daga kati zuwa takarda

Asalin lamarin yana ga katin da ake hudawa. Herman Hollerith ya ƙera na'urorin da aka yi aikin ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 da su. Kowane mutum na da katinsa, kowace huda kuma na nufin wani abu game da shi. Na'urar ba ta buga komai. Tana da fuskoki 40 masu kama da na agogo, magatakarda ne ke duba inda allura ta tsaya ya kwafe da hannu. Kamfanin Hollerith ya shiga haɗakar kamfanoni ta 1911, wadda aka sauya wa suna zuwa IBM a 1924. A 1928 IBM ta fito da kati mai gurbi 80, wanda ya zama ma'auni na tsawon rabin ƙarni.

Katin ya kafa wata ɗabi'a da ba ta gushe ba. Da yake gurbi 80 ne kacal, ba a ɓata ko ɗaya wajen bayyana mene ne ke ina. Mai tsara aiki ne ke yanke cewa, alal misali, gurbi na 1 zuwa na 6 lambar ma'aikaci ce, na 7 zuwa na 26 sunansa, na 27 zuwa na 33 albashinsa. Katin ba ya ɗauke da wannan bayani. Yana rubuce a wata takarda dabam. Haka nan ba a huda waƙafi ko ɗigon da ke raba dala da santi, shekara kuma lambobi biyu ake ba ta. Wannan tsimi ne ya haifar da fargabar shekara ta 2000, lokacin da duniya ta kashe kuɗi masu yawa tana gyaran manhajojin da ba su iya bambanta 1900 da 2000 ba.

Wajen 1920 na'urorin lissafi suka fara buga sakamako da kansu. Fitacciyar cikinsu ita ce IBM 407 ta 1949, mai buga layi 150 a minti. Tsara rahoto a kanta aikin hannu ne: akwai allo mai ɗaruruwan ramuka, ma'aikaci zai ja waya daga ramin gurbi kaza na kati zuwa ramin gurbi kaza na takarda. Kowane rahoto da allonsa, ana jera su a kanta, a zaro na albashi ranar albashi.

Tafiyar takarda sama kuwa wani ɗan zirin takarda ne ke kula da ita, wanda ake manna bakinsa biyu ya zama zobe. Zoben na da hanyoyi 12, yana juyawa tare da takardar da ake bugawa. Huda a hanya ta 1 na nuna farkon shafi, huda a ta 12 na nuna ƙarshensa ya kusa, sauran kuma na nuna wuraren da aka keɓe a jikin fom, kamar inda za a rubuta jimilla.

Sarƙa da guduma

A watan Oktoba na 1959 IBM ta sanar da kwamfutar 1401 tare da na'urar bugu ta 1403. An sayar da 1401 fiye da 10,000, kuma da yawa daga masu sayenta na'urar bugun ce ta ja hankalinsu. Tana buga layi 600 a minti, ninki huɗu na 407, samfurin baya kuma ya kai 1,100. A cikinta akwai sarƙar ƙarfe mai haruffa 240 tana gudu a kwance ba tsayawa. Bayan takarda akwai ƙananan guduma 132, ɗaya ga kowane gurbi. Da zarar harafin da ake so ya iso gaban gurbinsa, guduma za ta doki takarda ta haɗa ta da ƙyallen tawada da harafin, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Daga nan adadin 132 ya zauna. Haruffa 10 ke shiga inci ɗaya, don haka layi ya kama inci 13.2 a kan takarda mai faɗin kusan inci 15, wadda ke da ramuka a gefe biyu don haƙoran da ke jan ta. Tsawon shafi inci 11 ne, layi 6 a kowane inci, wato layi 66. Ratsin kore da fari da aka san takardar da shi an yi shi ne don kada idon akanta ya kauce daga layi yayin da yake bin lamba daga hagu zuwa dama.

Haruffa 240 na sarƙar da aka fi amfani da ita maimaici ne sau biyar na alamomi 48: manyan baƙaƙe 26, lambobi 10, da 'yan alamomi 12. Ana iya saka sarƙa mai ƙananan baƙaƙe, amma idan alamomi suka yawaita maimaicin kan ragu, guduma ta daɗe tana jiran harafinta, bugu ya yi nauyi. Shi ya sa tsofaffin takardun kwamfuta duk da manyan baƙaƙe suke. Harafin da ba ya kan sarƙa kuwa ba shi da hanyar fita. Suna irin Ɗanladi zai fito DANLADI, sunan Bafaranshe ko Bajamushe ma ya rasa alamomin da ke kan wasulansa.

Harafin da ba a gani

Da aka koma rubuta manhaja maimakon jan waya, sai aka buƙaci hanyar da manhaja za ta gaya wa na'urar bugu yadda za ta motsa takarda. Dabarar da aka tsaya a kai ita ce a sadaukar da gurbin farko na kowane layi. Idan fili ne, a matsa layi ɗaya a buga. Idan 0 ne, a matsa biyu. Idan alamar ragi ce, a matsa uku. Idan 1 ne, a tsallaka zuwa sabon shafi. Idan alamar tarawa ce, kada a matsa ko kaɗan, a buga a kan layin da ya gabata, wanda da shi ake ƙara wa rubutu kauri ko a ja masa layi a ƙasa. Ɗaya a kan 132 shi ne 133.

Ɗaliban FORTRAN na shekarun 1960 da 1970 sun sha wahalar wannan ƙa'ida. Wanda ya manta bai bar gurbin farko ba, ya buga 1250, na'ura za ta haɗiye 1 ɗin a matsayin umarni, ta tsallaka sabon shafi ta buga 250. Idan lambobi ɗari ne kowace ta fara da 1, shafi ɗari ke nan, kowane da layi guda, kuma kowace lamba ba daidai ba.

Ranar 7 ga Afrilu 1964 IBM ta sanar da System/360, jerin kwamfutoci masu gudanar da manhaja iri ɗaya komai girmansu. Tsarin gudanarwarta, OS/360, ya mayar da ɗabi'un kati doka. Kafin a ƙirƙiri kundin bayanai sai an faɗi siffarsa a harshen ba da umarni na JCL: tsawon kowane layin bayani, ko tsawon tsayayye ne ko mai sauyawa, da layuka nawa za a ɗaure wuri ɗaya a kan tef ko faifai. Rubutun RECFM=FBA da LRECL=133 na nufin layuka masu tsawo ɗaya, a ɗaure, gurbin farko kuma na umarnin bugu ne. Tsarin ya zo da ƙananan manhajojin hidima, irin su IEBGENER mai kwafe kundi da IEBPTPCH mai buga shi a takarda ko huda shi a kati.

An kuma warware matsalar jira. Kwamfuta mai tsadar miliyoyin daloli ba za ta zauna tana sauraron guduma ba. Da farko ana rubuta sakamako a tef, a ɗauke shi da hannu zuwa ƙaramar 1401 ta buga. A tsakiyar shekarun 1960 ma'aikatan IBM da ke aiki a cibiyar NASA ta Houston suka rubuta HASP, manhajar da ke tara sakamako a faifai ya bi layi har na'urar bugu ta samu sarari. Ita ce ta rikiɗe ta zama JES2, wadda ke aiki har yanzu.

Lambar da ta fito tauraro

Buga kundi yadda yake ba ya wadatarwa, domin abin da ke ciki ba don idon mutum aka ajiye shi ba. System/360 na amfani da tsarin haruffa na EBCDIC, kuma tana da hanyar matse lambobi biyu cikin bayit ɗaya, tare da alamar tarawa ko ragi a rabin bayit na ƙarshe. Kuɗi 123.45 kan kwanta a bayit uku: 12, 34, 5C. Idan aka tura su kai tsaye ga na'urar bugu, biyun farko ba su dace da wani harafi ba, na ukun kuma alamar tauraro ce. Albashin mutum sai ya fito fili biyu da tauraro ɗaya. Ko lambar da ba a matse ba tana da tarkonta, domin alamarta na ɓoye cikin harafin ƙarshe: 125 na tarawa kan fito 12E, na ragi kuma 12N.

Saboda haka harshen COBOL, wanda aka tsara a 1959, ya ba da muhimmanci ga ƙawata lamba kafin bugu. Mai manhaja zai zana siffar da yake so, kamar ZZZ,ZZ9.99, kwamfuta ta share sifilin gaba, ta saka waƙafi da ɗigo. A kan cek ana cike filin gaba da taurari don kada wani ya ƙara lamba da alƙalami. Aikin ya yi muhimmancin da har aka gina masa umarni na musamman a cikin injin System/360.

Ma'anar gurabe kuwa ta koma cikin wani ɗan rubutu da masu COBOL ke kira kwafibuk, jikan takardar da ke bayyana katin 1928. Idan ya ɓata, ko aka sauya tsarin kundi ba a sabunta shi ba, sai ƙwararre ya buga bayanan a lambobin tushe 16, ya zauna yana hasashen inda suna ya ƙare da inda kuɗi ya fara. Haɗarin kan ƙaru ranar ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta. Idan aka juya kundi gaba ɗaya daga EBCDIC zuwa ASCII kamar duka rubutu ne, sunaye za su fito lafiya, matsattsun lambobi kuma su lalace ba tare da wani gargaɗi ba.

Abin da ya rage

Na'urorin sun sauya. IBM 3211 ta 1970 ta maye gurbin zoben takarda da ma'ajiyar lantarki, amma ta riƙe hanyoyi 12. IBM 3800, mai aiki da hasken leza, ta fara isa ga masu saye a 1976 tana buga kusan layi 20,000 a minti, Xerox 9700 ta biyo baya a 1977. Allon 3270 da aka saba da shi na nuna layi 24 masu gurbi 80, wato faɗin kati. A yau yawancin rahotannin z/OS a kan allo ake karanta su ko a mayar da su PDF, duk da haka suna fitowa da gurbi 133, JCL kuma ana rubuta shi cikin gurbi 80.

Gadon ya kan fito fili idan ya ci karo da mutane. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels ta saurari shari'ar wani mutum da ya nemi bankinsa ya rubuta sunansa da alamar da ke kan wasali. Bankin ya ce tsohon tsarinsa na EBCDIC ba zai iya ba. Kotu ta ƙi karɓar uzurin, bisa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta ba mutum haƙƙin a gyara bayanansa. A Afrilun 2020, da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsohon tsarin jihar New Jersey yawa lokacin annobar korona, gwamna Phil Murphy ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL.

Ma'aikacin banki ko na hukumar fansho da aka ɗora wa aikin sauya tsohon tsari zai iske cewa kwafe bayanai shi ne ɓangare mai sauƙi. Tambayoyin da ke da nauyi su ne wa ke riƙe da taswirar gurabe, ko ta yi daidai da kundin da ke aiki yau, da ko wani ya gwada jimillar tsohon rahoto da ta sabo kafin a kashe tsohuwar na'ura. Haƙƙin ɗan fansho na iya kasancewa a bayit uku ko huɗu a tsakiyar layi, kuma wanda ya san gurbin da suka fara mai yiwuwa shi ma ya kusa ritaya.