'Yandoto da Makomar Ilminta

Matafiyin da ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, in ya iso ƙasar Tsafe, zai shige kusa da wani gari da ake kira 'Yandoto. Yau ba ta fi sauran garuruwan karkara ba, amma a zamanin da tana cikin manyan garuruwan malamai na ƙasar Hausa. Labarinta ya isa misali ga duk mai son ya san yadda ilmin mutane ke salwanta, da kuma yadda yake tsira.

A wancan zamani 'Yandoto ƙarƙashin Katsina take, cikin yankin da ake kira Katsinar Laka. Masu binciken tarihi suna danganta bunƙasarta da Wangarawa, watau fataken nan malamai da suka fito daga wajen Mali, suna tafe da haja da littattafai tare. Har wa yau labarin baka ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya ka da Sanau ya ci sarautar Katsina cikin ƙarni na 15. Almajirai suka riƙa kwararowa don neman fiƙihu da nahawu da tafsiri. Da yake babu ɗab'i, kowane littafi da hannu ake juyarsa, da alƙalamin kara da tawada, a adana cikin gafaka.

Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi cikin 1804, kan malaman garin ya rabu. Waɗansu suka bi Shehu, da yawa kuwa suka ƙi. Muhammadu Bello ya zo da runduna ya sauka kusa da garin, ya nemi a zauna a yi muƙabala, ba a daidaita ba. Cikin 1806 aka ci 'Yandoto da yaƙi, malamanta suka watse.

Abin da ya sami littattafan garin ya zama abin jayayya tun a lokacin. Shehu Laminu na Barno, cikin wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin jihadi, ya zarge su da wulakanta littattafai masu ɗauke da sunan Allah. Bello ya mayar da jawabi cikin Infakul Maisuri, wanda ya gama cikin 1812. Ya ce lalle ya ga takardu iska na ɗibarsu, ya yi ta tsinta da hannunsa har ya gaji, kāna ya tara jama'a ya tsawata musu, aka gaya masa rigimar ganima ce ta jawo haka. Ko wace magana mutum ya ɗauka, ɓarna dai ta auku. Abin lura kuma shi ne, mafi yawan abin da aka sani game da wannan rana daga alƙalamin wanda ya ci garin ya fito. Hujjar malaman 'Yandoto da bakinsu ba ta yaɗu kamar tasa ba.

Duk da haka gari aka ci, ba a ci abin da ke cikin zukata ba. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya bar 'Yandoto ya bi Shehu, shi ne ya kafa Gusau, shi ya sa ake ce mata ta Sambo, sarkinta kuwa Sarkin Katsinan Gusau, domin tuna asalin ƙasar. A Tsafe sunan tsohon garin ya koma sunan sarauta, har yanzu 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkinta. Can Bunguɗu kuma sarautar Sarkin Fulani ke shaida wani reshe na tarihin yankin, yayin da dutsen Kwatarkwashi ke riƙe da labarin al'adun Maguzawa da suka girmi jihadi. Sunayen sarauta, da kirari, da waƙoƙin fada, su ne suka zama kamar taskar da wuta ba ta ci ba.

Aikin tattarawa bisa tsari bai kankama ba sai bayan samun mulkin kai. Cikin 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton rubuce-rubucensu. Cikin 1970 aka kafa Arewa House a Kaduna. Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina na 1981, ya haɗa takardu da hirar dattawa ya fito da matsayin 'Yandoto. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuwa ya shafe shekaru yana rubuta waƙoƙin makaɗa domin kada su bi masu su kabari.

Amma aikin da saura. Zamfara ta zama jiha cikin 1996, Gusau ta sami jami'ar tarayya cikin 2013, alhali kuwa a cikin shekarun nan ne 'yan fashin daji suka tashi ƙauyuka masu yawa a ƙasashen Tsafe da Bunguɗu. Wanda ya fita da dare yana neman tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar gafakar kakansa. Dattijon da ya rasu a gudun hijira kuma, da salsalar gidansu yake tafiya. Gara da ɗanshin damina suna nasu aiki a ɗakunan da aka bari.

Darasin 1806 a fili yake: ilmin da ke wuri guda, rana guda ta isa ta hallaka shi. Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su tura ɗalibansu gida lokacin hutu, su ɗauki maganar tsofaffi, su rubuta sunan wuri da ranar da aka yi hirar. Littafin da aka samu a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi abinsa, a ajiye kwafi a Gusau da Sakkwato da Kaduna. A kuma saurari kowane ɓangare, zuriyar waɗanda suka bi Shehu da zuriyar waɗanda suka ƙi, gidan malamai da gidan maharba da maƙera, domin kada na baya su sake gādon rabin labari.