Darasin zama ɗan ƙasa: Yadda ake shirya malaman da za su koyar da shi a Jigawa

Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare a Dutse ko Kiyawa ya kusa cika shekara 18, shekarun da tsarin mulkin 1999 ya ba shi damar kaɗa ƙuri'a. Abin da ya sani game da wannan ƙuri'a ya danganta matuƙa ga malamin da ya koya masa darasin zama ɗan ƙasa.

Hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu, ita ce ta mayar da darasin fanni mai zaman kansa a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda ta biyo bayan dokar UBE ta 2004. Daga baya ya zama tilas a manyan makarantun sakandare, har ya shiga jarrabawar WAEC.

A tsarin ilimin Najeriya, takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke gindaya ƙa'idojin karatun na shekara uku, wanda ya haɗa da gwajin koyarwa a aji. Hukumar TRCN kuwa, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista. A Jigawa, tsohuwar cibiyar wannan horo ita ce Kwalejin Ilimi ta Gumel, sai kuma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013. Tsakanin 2013 da 2019, shirin TDP mai samun tallafin Birtaniya ya yi aikin inganta horon malamai a jihar.

Takardar shaida kaɗai ba ta wadatar ba. Sabon malami na buƙatar sanin babi na huɗu na tsarin mulki, mai bayanin haƙƙoƙin ɗan Adam, da sashe na 24, mai zayyana wajiban ɗan ƙasa. Ya kamata ya iya bayyana dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da gyaran 2018 wanda ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Haka nan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗaɗen ƙananan hukumomi, wanda ya shafi dukkan 27 na Jigawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar koyarwa. Hadda na iya sa ɗalibi ya ci jarrabawa, amma ba za ta koya masa tambayar kansilansa inda kuɗin gyaran rijiyar burtsatse suka shiga ba. Wannan sai da muhawara a aji, da zaɓen shugabannin ɗalibai, da nazarin kasafin kuɗi. Akwai kuma iyaka: malamin gwamnati ma'aikaci ne, albashinsa na hannun hukumomin da darasin ke koyar da a sa wa ido. Dole horon ya nuna masa yadda zai tattauna siyasa ba tare da yi wa wata jam'iyya talla ba, kuma ba tare da tsoro ya rufe masa baki ba.

Arewa ta san irin wannan malami. Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur duk daga aji suka fara wayar da kan talakawa, tun kafin a kafa NEPU a 1950.