Hukuncin ma'aikaciyar jinya idan majinyaci ya cutu a hannunta

Tambaya:

Ni ma'aikaciyar jinya ce a cikin birnin Kano. Bayan na taso daga aiki, maƙwabta kan kira ni in yi allura ko ƙarin ruwa a gida. Idan majinyaci ya cutu ko ya rasu a hannuna, akwai diyya a kaina? Ya halatta in yi aiki bayan lasisina ya ƙare? Kuma zan iya shiga inshora don ta biya min idan an kai ni ƙara?

Amsa:

Alhamdu lillah.

Na farko: Malamai sun haɗu a kan cewa mai magani ba ya lamunce cutar da ta auku idan sharuɗɗa uku suka cika: ya san aikin, an ba shi izini, kuma ya yi shi yadda masana suke yi ba tare da sakaci ba. Idan kin ba da maganin da likita ya rubuta, daidai adadinsa, bayan kin tambayi majinyaci ko yana da maganin da jikinsa ba ya karɓa, sai ajali ya zo, to babu diyya a kanki, babu zunubi.

Na biyu: Idan kin san aikin amma hannu ya kuskure, kamar ki zarce adadin magani ko ki musanya allurar wani da ta wani, wannan kuskure ne. Babu ƙisasi a cikinsa, amma akwai diyya. Ibn Rushd ya ambaci haɗuwar malamai a kan haka a Bidayatul Mujtahid. Idan rai ya salwanta, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga magada sai in sun yafe, tare da kaffara, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere. Cikakkiyar diyya dinari 1000 ne na zinari. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Kano ke bi, abin da ya kai sulusin diyya aƙila ce ke ɗaukarsa, wato dangi na wajen uba, abin da ya gaza haka kuwa daga dukiyarki zai fito. Kaffara ke kaɗai za ki yi.

Na uku: Wanda ya yi magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, shi zai lamunce abin da ya ɓata, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito. Wannan ya shafi mai kemis da ke ƙarin jini a bayan shago, ya kuma shafi ma'aikaciyar jinya da ta shiga aikin da ba a koya mata ba, kamar tiyata. Lasisin Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya shi ne izinin hukuma, kuma biyayya ga shugabanni wajibi ce a abin da ke kare rayuka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC, a zamanta na Maskat a 2004, ta lissafa aiki ba tare da izinin hukuma ba cikin abubuwan da ke ɗora lamuni. Don haka ki sabunta lasisinki kafin ki ci gaba. Kiran maƙwabta kuwa, ki tsaya ga abin da likita ya rubuta. Abin da ya fi ƙarfin gida ki tura shi asibiti, ga Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ga na yara na Hasiya Bayero. Kunyar maƙwabci ba uzuri ba ce.

Na huɗu: Inshorar kasuwanci, wannan majalisa ta haramta ta a 1985 saboda gararin da ke cikinta, ta nuna inshorar taimakekeniya, wato takaful, a madadinta. A zamanta na Dubai a 2005 ta yarda takaful ko asusun ƙungiyar masu sana'a ɗaya ya tsaya a matsayin aƙila idan babu dangin da za su ɗauki diyya, matuƙar an rubuta haka a ƙa'idojinsa. A Najeriya akwai kamfanonin takaful masu rajista da hukumar NAICOM. Ki karanta yarjejeniyar ki tabbatar ta haɗa da kuskuren aiki. Idan doka ko wurin aiki suka tilasta inshorar kasuwanci kuma babu madadi, malamai da yawa sun yi rangwame saboda lalura.

Na biyar: Idan kuskure ya auku, haramun ne ɓoye shi ko sauya abin da aka rubuta a katin majinyaci. Ki sanar da likita nan take, domin sau da yawa ana iya ceto ran. Iyalansa suna da haƙƙin zuwa kotu, hakan ba ya cin karo da imani da ƙaddara. Sulhu ya halatta, yafewa kuma falala ce, amma ba a matsa wa magada su yafe, kuma ba a yafe rabon marayu ƙanana a madadinsu.

Allah ne Mafi sani.