Sikeli da Zare: Me Ke Raba Gardama a Fagen Dambe?

A watan Yunin 1980, a birnin Montreal na Kanada, Roberto Duran ya doke Sugar Ray Leonard a ajin weltawet na damben boksin, ajin da nauyin ɗan wasa ba ya wuce fam 147, wato kusan kilo 67. Duran ya matse shi, ya tilasta masa musayar naushi gaba da gaba. Bayan wata biyar suka sake karawa a New Orleans ta Amurka. Leonard ya sauya dabara, yana bugu yana zillewa, har Duran ya sallama a turmi na takwas. Nauyinsu bai canza ba, salo ne ya canza sakamako.

Damben gargajiya, wanda mahauta suka raya a lokutan kaka a faɗin ƙasar Hausa, bai san sikeli ba. Hannu ɗaya ake ɗaure wa zare, ɗayan kuma garkuwa ne, kuma turmi uku ake yi. Ɗan dambe shi ke zaɓen abokin karawarsa, wanda aka nema kuwa yana da damar ƙi. Suna da kirari ne ma'auni, kamar yadda waƙoƙin Ɗan Anace suka ɗaukaka Shago.

Yanzu wasu gasannin zamani sun fara raba 'yan dambe bisa nauyi. Masu ganin hakan ya rage jarumtaka su tuna da Leonard: idan aka daidaita jiki, basira ce ke fitowa fili, kuma matashi mara nauyi yakan koma gida da lafiyarsa.