Daga Daudawa Zuwa Samaru: Tarihin Aikin Bincike a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya tashi tsakanin Funtuwa da Malumfashi ya san layin jakuna da amalanke a ƙofar gidan gurzar auduga, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambayar ko wa ya fitar da irin da iyayenmu suke shukawa. Aiki ne na wasu mutane da ake biya albashi don su yi bincike, kuma aikin yana da tarihi.

A 1922 Turawa suka buɗe tashar binciken noma a Samaru, sa'an nan aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, nan kusa da mu. A wancan zamani Bature ne mai bincike. Namu kuwa malamin gona ne: shi ke auna fili, ya ƙirga tsirrai, ya cika littafi, amma sunan wani ke fitowa a rahoto. Ban faɗi haka don raina su ba, domin da yawansu sun san ƙasa fiye da iyayen gidansu.

Al'amari ya sauya a 1962, lokacin da tashar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan hanya ta buɗe. Yaro ya gama digiri da sakamako mai kyau, a riƙe shi mataimakin malami, a tura shi Ingila ko Amurka, musamman Jami'ar Jihar Kansas wadda ta taimaka wa sashen noma, ya dawo da digiri na uku, ga gida ga bashin mota. Da aka soma shirin noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, sai aka ga amfanin abin a fili. Masara, wadda da ake shuka ta a bayan gida don gasawa, ta cika gonaki, saboda sabon iri da taki.

To, sai ga 1986. Tsarin SAP ya karya darajar naira, aka kuma rushe hukumar sayen auduga. Albashin mai bincike ya kasa kai shi ƙarshen wata, injunan ɗakin gwaji suka tsaya babu kayan gyara. Wasu suka koma IITA ko ICRISAT, wasu suka ƙetare teku, wasu suka kama kasuwanci. Mu ma, in za mu faɗi gaskiya, da yawanmu kwastan da banki muka riƙa yi wa ƙannenmu sha'awa.

Duk da haka Samaru ba ta mutu ba. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku. Sai dai tsanin ya ƙara tsawo. Yanzu mai digiri na uku kan yi shekara biyu ko uku yana bincike a ƙarƙashin wani babba, sau da yawa a waje, kafin ya sami kujerar dindindin, kuma da yawan rubuce-rubucensa ake auna shi. Matakin farko na wannan tsani kuwa shi ne ɗakin gwajin makarantarmu, wanda nake roƙon shugabanni su sa maganar gyaransa cikin ajandar babban taronmu mai zuwa.