Duwatsun adakar kaka: tarihin da muke sayarwa a kan sikeli

A shekarar 2020 gidajen talabijin na Japan sun nuna wani fim ɗin zane mai kashi 12, The Case Files of Jeweler Richard. Babu faɗa a cikinsa, babu tseren motoci. Wani masanin duwatsu masu daraja ne ke zaune a shagonsa a unguwar Ginza ta birnin Tokyo, mutane na kawo masa zobe ko sarƙa ya faɗi darajarsu. Wajen duba dutsen sai labarin mai shi ya fito. Ɗalibaina na makarantar horon malamai a nan Yamai suna kallonsa a wayoyinsu, ni kuwa abin da nake gaya musu shi ne, irin wannan bincike yana jiran su a adakar kakanninsu mata.

Mu fara da jan dutsen nan da ake kira lantana. A yankin Kirtashi, kudu da Yamai a bakin kogin Kwara, ake haƙo shi. Fatake Hausawa ne ke ɗaukar sa su gangara da shi har Ilorin ta Najeriya. A can masu sana'a, waɗanda da yawansu suka taso daga tsohon birnin Oyo bayan rushewarsa a shekarun 1830, suke huda shi da ƴan ƙananan ƙarafa, suna ƙwanƙwasawa a hankali, sannan su goge shi har ya yi sheƙi. Sarakunan Yarabawa da na Benin sun yi ado da shi. Sana'ar ta durƙushe a shekarun 1930, bayan kayan ado masu araha na Turai sun cika kasuwa. Yara nawa ne a Yamai suka san cewa dutsen ƙasarsu ya taɓa hawa wuyan sarakunan kudu?

Na biyu shi ne abin adon da Buzaye ke kira talhakimt, mai siffar zobe da tsini kamar bakin mashi, wanda mata ke ɗaurawa a wuya ko a kitso. Mai gani zai rantse a Agadas aka haife shi. Asalinsa kuwa daga Kambay ta ƙasar Indiya yake, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sassaƙa dutsen da Larabawa ke kira aƙiƙ. Ta hannun ƴan kasuwa da mahajjata ya ƙetaro zuwa ƙasashenmu. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin, suna sayo dutsen daga Barazil, suna rina shi ya yi ja, suna aiko da shi Afirka. Daga baya masana'antun Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yau, suka yi ta zuba kwaikwayonsa da gilashi. Ke nan talhakimt uku na iya zama a zare ɗaya, kowanne daga ƙasa daban.

Azurfar ma tana da nata labarin. Maƙeran Buzaye sun daɗe suna narkar da kuɗin azurfa na Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, su ƙera abin wuyan nan na Agadas da sauran kayan ado. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa. Saboda haka wanda ya ga 1780 a kan kuɗin da ya gada, kada ya yi saurin cewa tun zamanin aka buga shi.

Rarrabe dutse da gilashi bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Gilashin da aka zuba a mazubi yakan bar siririn layi a gefe, wani lokaci da ƴan ƙwayoyin iska a ciki. Aƙiƙ kuwa yakan nuna jirwaye idan an ɗaga shi a hasken rana. Hudar da aka yi da hannu ba ta cika miƙewa sak ba, kuma bakinta kan cinye inda zare ya yi shekaru yana gogawa. Wanda ke son ganin masana da idonsa ya je gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, inda maƙera ke aiki a gaban jama'a, ko kuma cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata.

Abin da ke damuna shi ne yadda kayan nan ke ficewa daga gidajenmu. Tsohuwa ta rasu, a zo rabon gado, a ɗora azurfarta a sikeli, a karɓi ƴan jikkuna, a narkar. Duwatsun kuma a ce tarkacen tsofaffi ne, a bar wa yara su yi wasa. Ban ga laifin wanda talauci ya sa ya sayar ba. Amma sikeli nauyi kawai yake faɗi. Ba zai gaya maka cewa a lefen wance aka kawo shi ba, ko wani kaka ne ya dawo da shi daga Makka a ƙafa, ko an taɓa jinginar da shi a shekarar yunwa ta 1973 aka fanso.

Iyaye, ku bar yara su zauna da tsofaffi tun suna raye. Malamai ƴan'uwana, ga aikin gida da ba ya buƙatar kuɗi: kowane yaro ya zana abin ado ɗaya na gidansu, ya tambayo wa ya fara mallakarsa, daga ina ya zo, a wane biki ake sa shi. Kada a ɗauko kayan zuwa makaranta, zanen da amsoshin sun isa. Sai ku shimfiɗa taswira, ku taya su neman Kirtashi da Ilorin da Kambay da Makka.