Kaset da Rikoda: Kundin Tarihin da Ma'aikatan Kano Suka Haɗa da Hannunsu

A damunar bara, muna kwashe kayan wani ɗaki a gidanmu da ke Hotoro saboda yoyon rufi, na ci karo da wani kwali ɗaure da igiya. Kaset ne a ciki, sun haura sittin, kowanne da rubutun mahaifina a jikinsa: “Shata da Ɗanƙwairo”, “Indiya zalla”, “Tafsiri, azumin 1984”. Guda ɗaya ba a rubuta masa komai ba sai “Na hanya”. Da na samo aron rikoda na saka shi, sai na ji haɗin gambiza: waƙar Shata, sai muryar Lata Mangeshkar, sai guntun labaran duniya na wani dare, sai karatun Abdulbasiɗ, a ƙarshe kuma kukan jariri da muryar mace tana cewa a rage sauti.

Mahaifina ma'aikaci ne a wata masana'anta a Bompai, kuma bai taɓa ajiye littafin da yake rubuta abin da ya wakana a rayuwarsa ba. Wannan kwali shi ne abin da ya fi kusa da hakan. Dubban gidaje a Kano suna da irinsa, a ƙarƙashin gado ko a saman sif. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, waɗannan kaset da talakawa suka haɗa wa kansu su ne mafi girman ma'ajiyar sautin Hausa na kusan shekara talatin, kuma lokacin ceto su yana ƙurewa.

Kafin zuwan kaset

Kafin shekarun 1970, hanya biyu ce mutum ke jin waƙar da aka naɗa. Ta farko garmaho, wanda faifansa na dā ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowace fuska. Na baya sun fi haka, amma duk da haka buga faifai aikin manyan kamfanoni ne irin su EMI da Decca da ke Legas, su ne ke yanke wanda za a naɗa da wanda za a bari. Makaɗin Hausa kuwa ba ya waƙa da agogo. Shata kan ɗauki waƙa guda ya yi ta ƙara mata ɗiya gwargwadon taron da ke gabansa, har ya zama Bakandamiyar da ya rera a wani gari ba daidai take da ta wani garin ba. Faifai sai dai ya datse.

Hanya ta biyu rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963. Rediyo ya kai waƙa da labari har ƙauyen da ba titi, amma mai saurare ba shi da iko kan abin da za a saka masa. Iyakarsa ya rubuta kati zuwa shirin Zaɓi Sonka, ya jira makonni, in an dace a ambaci sunansa. Waƙar na ƙarewa, ta tafi ke nan.

A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya nuna wani ɗan akwatin roba a bajekolin rediyo na birnin Balin. Injiniya Lou Ottens ne ya jagoranci ƙera shi, da nufin a samu na'urar naɗar murya da za ta shiga aljihun riga. Philips ya bar wa sauran kamfanoni damar ƙera irinsa ba tare da biyan lasisi ba, shi ya sa kaset ɗin da aka yi a Jamus ke aiki a rikodar da aka ƙera a Japan. Ba da jimawa ba aka haɗa rediyo da rikoda da lasifika a jiki guda, aka sa masa mariƙi, aka sa shi yana aiki da batir. Wannan na'ura ce mutanenmu suka kira rikoda, ko rediyo mai kaset.

Kuɗin Udoji da jiniyar masana'anta

Na'urar ta iso Kano a kan gaɓa. Bompai ta riga ta zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, aka buɗe Sharaɗa, daga baya Challawa da majemunta. Masaƙu da kamfanonin roba, na alewa, na man gyaɗa da na fata suka ɗebi dubban matasa daga ƙauyukan Kano da Katsina da Haɗeja, har da Damagaram. Waɗannan mutane sun samu abin da iyayensu manoma ba su saba da shi ba: albashi a ƙarshen wata. Farashin man fetur ya yi tsalle a 1973, sannan a farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ƙarin albashin da hukumar Jerome Udoji ta ba da shawara, haɗe da ariyas na watanni. Ma'aikatan kamfanoni su ma suka tayar da ƙayar baya har aka yi musu nasu. A lokacin naira ta fi dala daraja. Keke, agogo da rikoda ƙirar National ko Sharp ko Sanyo suka zama alamar saurayin da ya kama aiki.

Akwai dalilan da suka sa rikoda ta dace da rayuwar ma'aikaci. Ba ta jiran wutar NEPA, batir shida ko takwas sun ishe ta. Ana ɗaure ta a bayan keke, a kai ta majalisa, a kai ta zance, a tafi da ita gida hutun salla. Wanda ya yi aikin dare ya rasa shirin da yake so, sai ya bar wa ƙaninsa sallahu ya ɗaukar masa. Sannan kaset mai lamba C90 yana cin minti 45 a kowace fuska, tsawon da ya ishi waƙar Shata ta miƙe ƙafa, ya kuma ishi zaman tafsiri guda.

Yadda ake haɗa kaset

Haɗa kaset aiki ne mai cin lokaci. Mutum zai sayi sabon TDK ko Maxell da ba a ɗauki komai a kansa ba, ya zauna gaban rediyo yatsunsa biyu a kan maɓallin kunnawa da jan maɓallin ɗauka, yana jiran mai gabatarwa ya yi shiru. In ya makara, kan waƙar ya wuce. In ya yi gaggawa, gaisuwar wani ta shigo. Da rikoda mai baki biyu ta yawaita a shekarun 1980, sai aka koma kwafa daga kaset zuwa kaset. Wanda ba shi da ita yakan je wa mai shagon kaset da jerin abin da yake so a takarda, ya biya, ya dawo gobe ya karɓa.

Dole a yi lissafi, domin zare yana da iyaka. Sai an auna wace waƙa za ta buɗe, wacce za ta rufe, kada zare ya ƙare ana tsakiyar amshi. In an gama, a ɓalle ɗan haƙorin da ke saman kaset don kada wani ya goge shi bisa kuskure. In kuma an gaji da shi, a cusa takarda a ramin a ɗauki wani abu a kai. Duk wanda ya yi zamanin ya san yadda ake zura biro a naɗe zaren da rikoda ta tauna, da yadda ake liƙa wanda ya tsinke da jan farce.

Wannan wahala ita ce ta ba kaset ɗin darajarsa ta tarihi. Mutumin da ke da minti 90 kacal ba zai saka abin da bai dame shi ba. Saboda haka jerin da ke cikin kowane kaset shaida ce kan abin da mai shi ya fifita. Littattafan makaranta sun ware waƙar gargajiya gefe, finafinan Indiya gefe, wa'azi gefe. Kaset ɗin ma'aikaci ya nuna cewa kunne ɗaya ne ke jin su duka, a zama ɗaya.

Abin da kaset ya sauya

Addini ne ya fara gane ƙarfin wannan na'ura. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke yaɗawa, ya shiga kaset ya zagaya garuruwa. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, kaset ya zama babbar hanyar isar da wa'azinta, malaman ɗariƙu su ma suka mayar da martani ta hanya guda. A daidai lokacin, jawaban Ayatullahi Khumaini suna shiga Iran a kaset daga gudun hijira. Matan aure da ke cikin kulle suka samu jin karatun da dā sai an je masallaci ko ƙofar gidan malam.

Waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda dā aka fi jin su a silima irin su Plaza ko El Dorado, suka kwana a ɗakunan mutane ana maimaitawa har aka haddace karinsu. Daga nan masu bandiri suka ari karin suka ɗora masa begen Annabi. Ɗan binciken nan Brian Larkin ya bi sawun wannan lamari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset. Hanyoyin kasuwancin da aka shimfiɗa a can su ne finafinan Hausa suka hau bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Lokacin da Sangaya ya fito a ƙarshen shekarun 1990, waƙoƙinsa sun cika motocin haya da shagunan teloli ta hanyar kaset.

Akwai kuma wanda ya yi asara. Makaɗin gargajiya yana ci ne daga hannun ubangida da liƙin taro, don haka yawan kwafa waƙarsa ƙarin suna ne gare shi, ko da bai ga kobo daga cinikin ba. Amma mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo yana jiran riba daga sayar da kaset, shi kwafa ta durƙusar da shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ba ta iya tsayar da rikoda mai baki biyu ba. Gardamar da mawaƙan yau ke yi da masu tura waƙa tsohuwar gardama ce.

Yadda zamanin ya shuɗe

Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira. Kayan gyara da ɗanyen kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa, daga baya atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ya daɗe fiye da albashin da ya sayo shi, domin yana da araha kuma yana jure wahala. Faifan CD ya rage masa kasuwa, amma wayar salula, wadda ta iso a 2001, ita ce ta yi masa jana'iza. Cikin 'yan shekaru mutum na iya zuwa kasuwar Farm Centre a zuba masa ɗaruruwan waƙoƙi a memori kafin ya gama shan ruwan leda.

Ba na cikin masu cewa jiya ta fi yau a komai. Sautin kaset yana raguwa duk lokacin da aka kwafa, zare yana tsinkewa, batir yana cin kuɗi. Waya ta yi mana gata. Sai dai memori in ya lalace ko aka sace wayar, babu abin da ya rage, kuma wanda ya karɓi waƙa ɗari biyar a lokaci guda bai bar wata shaida kan wacce ya fi so ba.

Lokaci yana ƙurewa

Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Da yawa daga wasannin da suka yi a gidajen biki da filayen wasa babu kamfanin da ya naɗa. Wani ne a cikin taro ya ɗaga rikodarsa. Haka zancen yake ga makaɗan maza da na noma da ba su taɓa shiga situdiyo ba, da karatun malaman zaure, da saƙonnin baki da mazauna Makka da Sudan ke aiko wa danginsu. Zaren kaset roba ce da aka shafa wa garin ƙarfe, zafi da laima da ƙura suna cin sa a hankali. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke iya kunna irin wannan zare suna gab da ƙarewa a duniya, saboda an daina ƙera su da kayan gyaransu.

Misali daga maƙwabta ya isa ishara. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a Yamai, aka fitar da 'yan kaset kaɗan. Shekaru fiye da talatin bayan haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci kwafi guda a ma'ajiyar gidan tarihin birnin, aka sake fitar da shi a 2013, duniya ta ji shi. Da wannan kwafin ya lalace, da wataƙila an rufe babin.

Muna da wuraren da suka dace da wannan aiki: Gidan Ɗan Hausa, Gidan Mambayya, Arewa House da ke Kaduna, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero. Amma kaset ɗin suna hannunmu ne, mu 'ya'yan masu su. Abin da ake buƙata rikoda mai lafiya ce, da wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta, da haƙurin zama minti 45 a kowace fuska. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin kaset ɗin, a tambayi dattijon gida wane ne ke waƙar, a wane gari, a bikin wa, tun yana da rai, a rubuta. Kada a yanke gaisuwa da hayaniyar da ke tsakanin waƙoƙi, domin su ne ke nuna lokaci da wuri.

Daga kwalin gidanmu na juya goma sha bakwai zuwa yanzu. Huɗu sun riga sun manne, ba su ƙara juyawa. Jaririn da ke kuka a ƙarshen “Na hanya” kuwa, mahaifiyata ta ce yayana ne, wanda a bana ya aurar da 'yarsa ta fari.